Me ya kai coci irin ta babban birni cikin ƙaramin ƙauyen Conques?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga Damagaram, ina karatu a Toulouse. Kwanan baya makaranta ta kai mu wani ƙauye da ake kira Conques, can cikin wani kwazazzabo. Ba kasuwa, ba tashar jirgin ƙasa, gidajen ma sai ka ƙirga su. Amma a tsakiyarsa ga wata coci wadda ko a birni ka gan ta sai ka tsaya, ga kuma wani ɗaki cike da kayan zinariya. Ba mu daɗe ba aka ce mu koma mota, ban fahimci komai ba. Wa ya yi wannan gini a daji, da wane kuɗi, kuma ina mutanen suka tafi? Haka duk ƙauyukan Faransa suke? In zan koma, me ya kamata in duba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambayarka a gaskiya uku ce a ɗaure wuri guda: me ya tara dukiya a wurin da ƙasa ba ta da albarkar noma, me ya watsa mutanen daga baya, kuma me ya sa ginin ya tsira har ka same shi a tsaye. Ni fannina labarin ƙasa ne, musamman yadda ƙauyuka ke kafuwa da yadda suke mutuwa, saboda haka daga ƙasa da dutse zan fara, kafin mu zo kan ruhubanawa da zinariyarsu. Ruwa ba ya tsami banza. Conques, wanda ake furtawa Konk, ƙauye ne a yau, amma ginin da ka gani na wani gari ne da ya taɓa cika ya batse, sannan ya tsotse ya bar cocinsa a baya.

Wurin da aka dasa shi

Conques yana cikin yankin Aveyron, a jihar Occitanie, kimanin kilomita 40 arewa maso yammacin Rodez, wanda shi ne babban birnin yankin. Tsohon sunan wannan ƙasa Rouergue, kuma tsofaffinta da harshen Occitan suka tashi kafin makaranta ta cusa musu Faransanci. Ƙauyen yana rataye ne a jikin gangare, sama da wani rafi mai suna Ouche, daf da inda rafin ke zubawa cikin kogin Dourdou. Shi kuma Dourdou yana gangarawa arewa ya faɗa cikin kogin Lot a kusa da Grand-Vabre. A daidai wurin kwazazzabon ya ɗan buɗe ya yi kwarmi kamar ƙwaryar da aka karkata, kuma gidajen duk suna gefen da ke fuskantar kudu. Wannan ba don ado ba ne. A ƙasar sanyi, gangaren da ke kallon kudu shi ke samun rana da hunturu, wanda ke kallon arewa kuwa a bar wa daji. Duk lokacin da na kai ɗalibai irin waɗannan kwaruruka, abin da nake fara sa su yi shi ne su tsaya su nuna mini gefen da ke da gidaje da gefen da ke da itatuwa, daga nan su faɗa mini ina ne kudu ba tare da duba waya ba.

Dutsen wurin baƙi-baƙi ne mai falle-falle, wanda Faransawa ke kira schiste. Ƙasar da ke fitowa daga irinsa siririya ce, mai tsami, alkama ba ta son ta. Abin da manoman da suka dogara da shi guda uku ne: wani hatsi mai jure wahala da ake kira seigle, inabi a kan tudun da aka daddatse da katangun dutse, sai kuma itacen châtaignier, wanda 'ya'yansa ke cikin ƙwanso mai ƙaya. Wannan itace shi ne rumbun talaka a can. Ana tsince 'ya'yan da kaka, a shanya su a kan rufin sanduna cikin wani ɗan ɗakin dutse, a hura wuta mai hayaƙi a ƙasa kwana da kwanaki har su bushe, sannan a ci su dafaffe ko a niƙa gari. Ɗakunan shanyar nan, da suke kira sécadou, har yanzu suna nan a bakin ƙauyen da cikin dajin da ke kewaye, kuma yawancin baƙi wuce su suke yi, sun ɗauka bukkokin ajiya ne.

To ka ga, da noma ne kaɗai, da wurin bai wuce gidaje ƙalilan ba. Abu biyu ne suka jawo mazaunin farko: ruwan marmaro da ba ya ƙafewa, wanda har yau yake fitowa a ƙasan filin da ke gaban cocin, da kuma kaɗaici. Mai neman gudun duniya abin da yake nema ke nan.

Daga mai zuhudu guda zuwa gidan ruhubanawa

A ƙarshen ƙarni na 8 wani mutum da ake kira Dadon ya keɓe kansa a wurin domin ibada. Mutane suka taru a kansa, aka kafa gidan ruhubanawa da ke bin ƙa'idar Benedict, wato sallolinsu na coci, aikin hannu da karatu. Sarakunan zuriyar Charlemagne, babban sarkin da ya mallaki yawancin yammacin Turai a lokacin, suka ɗauke su a ƙarƙashin kariyarsu. Ɗansa Louis ya ba su filaye a shekarar 819. Sai dai a 838 wani sarkin Aquitaine mai suna Pépin ya ba su wani wuri a Figeac, mai fili da ƙasa mai kyau da hanya mai sauƙi. Nan matsala ta taso, domin sabon wurin ya fi tsohon komai, kuma ruhubanawa da dukiya suka fara karkata can. Conques ya kama hanyar zama kufai tun bai girma ba.

A zamanin nan, abin da ke jawo jama'a zuwa gidan ibada a Turai shi ne ƙasusuwan wani waliyyi. Inda akwai su, akwai masu ziyara, akwai bakance, akwai kyautar filaye daga masu mulki. Conques ba shi da wani fitaccen waliyyi. A birnin Agen kuwa, can yamma a bakin kogin Garonne, akwai kabarin wata yarinya mai suna Foy, wadda Kiristoci suka ruwaito cewa an kashe ta tana 'yar shekara 12 ko kusa da haka, wajen shekarar 303, lokacin da daular Rum ke tsananta wa masu bin addinin. Labarin da ruhubanawan Conques da kansu suka rubuta ya ce sun tura ɗaya daga cikinsu, Ariviscus, ya je Agen ya zauna shekara goma kamar shi ɗan gida ne, har aka amince masa aka ba shi gadin kabarin. Wata ranar biki, kowa yana wurin cin abinci, ya fasa kabarin ya kwashe ƙasusuwan ya gudo da su. Shekarar da aka fi ambata ita ce 866.

A nan sai ka yi hattara. Wannan labari an rubuta shi ne da daɗewa bayan faruwar abin, kuma masu cin moriyarsa ne suka rubuta. Abin mamaki a wurinmu shi ne suna alfahari da sata, amma a tunanin mutanen lokacin, waliyyi ba ya barin a ɗauke shi sai ya yarda, saboda haka nasarar satar ita ce hujjar cewa Foy ta zaɓi Conques. Wasu masana tarihi suna ganin ma ba sata ba ce, an kai ƙasusuwan cikin duwatsu ne don a ɓoye su daga mayaƙan Arewacin Turai da ke hawowa ta kogin Garonne suna ƙone garuruwa a wannan ƙarni, daga baya aka ƙi mayarwa. Ni na fi karkata ga wannan, amma ba wata takarda ta lokacin da ta yanke hukunci. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne ƙasusuwan sun iso, kuma daga nan komai ya canja.

Inda kuɗin ya fito

An sa wani ɓangare na ƙoƙon kan yarinyar a cikin mutum-mutumin da ka gani a ɗakin ajiya: tana zaune a kan karaga, tsayinta santimita 85, cikinta itace ne, an lulluɓe shi da zinariya da azurfa, an manna duwatsu masu daraja. In ka koma ka dubi fuskar da kyau. Ba ta yarinya ba ce, ta fi ƙarfin jikin, idanun a buɗe tar suna kallon gaba. Kan ya girmi sauran jikin da ƙarnoni, aikin ƙarshen zamanin Rumawa ne da aka sake amfani da shi. Haka wasu daga cikin duwatsun da ke jikin rigar da karagar, tsofaffin hatimai ne na Rumawa masu zanen sarakunansu da allolinsu, waɗanda masu ziyara suka ba da sadaka aka liƙa. Za ka iya cewa a ranka wannan ai gunki ne, kuma ba kai ne farkon wanda ya faɗa ba. Wani malamin coci mai suna Bernard daga Angers, da ya zo wurin wajen 1013, ya rubuta cewa da farko ganin mutane na faɗuwa gaban irin waɗannan siffofi ya yi masa kama da bautar gumakan da. Daga baya ya sauya ra'ayi ya zama shi ne mai tattara labaran karamomin Foy, kuma rubutunsa ya ƙara yaɗa sunan ƙauyen.

Foy ta shahara da abu biyu a wurin masu ziyararta: warkar da makanta da kuɓutar da fursunoni. Wanda ya tsira daga kurkuku ko daga hannun masu kame yakan ɗauko sarƙoƙinsa ya kawo cocin. Sun taru har maƙeran gidan suka narka su suka ƙera shingen ƙarfen da ke kewaye da wurin ibada na tsakiya, kamar yadda aka ruwaito. Shingen yana nan. Mata suna ba da zobba da warwaro, masu sarauta suna ba da gonaki, injinan niƙa na ruwa, da ƙananan majami'u tare da kuɗin shigarsu. Sannu a hankali Conques ya mallaki rassa a wurare masu nisa, har Sélestat a Alsace, har Ingila, har arewacin Sifaniya, inda wani ɗan gidan, Pierre d'Andouque, ya zama bishop, wato babban limamin coci, na birnin Pamplona a ƙarshen ƙarni na 11. Amsar tambayarka ta kuɗi ke nan. Ba gonakin kwazazzabon ne suka gina cocin ba, haraji da amfanin filayen da ke warwatse a rabin Turai ne ke gangarowa cikinsa.

Sai kuma hanya. Masu tafiya ziyara a ƙafa zuwa Santiago de Compostela, a arewa maso yammacin Sifaniya, waɗanda suka taso daga garin Le Puy na Faransa, sukan ratsa tudun Aubrac su sauko kwarin Lot su ya da zango a Conques kafin su wuce Figeac da Moissac. Za ka ji masu yi wa baƙi jagora suna jingina komai ga wannan hanya. A ganina suna wuce gona da iri. Conques wurin zuwa ne a karan kansa tun kafin ya zama zango, mutane don Foy suke zuwa, hanyar Sifaniya ƙari ce a kai.

Ginin kansa

An fara cocin da ke tsaye yanzu a tsakiyar ƙarni na 11, zamanin shugaban gidan mai suna Odolric, aka kammala a farkon ƙarni na 12. Wurin ya matse magina: dutse a sama, rami a ƙasa, ga marmaro. Tunda ba damar miƙewa, sai suka yi sama. Shi ya sa zauren gajere ne amma rufinsa ya kai mita 22, kuma da ka shiga wuyanka ne ke fara aiki. An yi hanyar zagaye a bayan wurin ibada da faffaɗan baranda a gefuna domin taron masu ziyara ya shiga ta nan ya fita ta can ba tare da ya tsayar da addu'ar ruhubanawa ba. Tunda a Toulouse kake, je ka cocin Saint-Sernin ka duba, tsari ɗaya ne, sai dai ta can ta samu fili ta baje.

Dubi launin bangon kuma. Akwai jan dutse mai yashi da aka fara da shi, wanda aka ɗauko daga kwarin Dourdou. Akwai rawaya mai laushin sassaƙa daga tudun Lunel. Akwai kuma baƙin dutsen wurin da aka cike gurabe da shi. Kowane ja da rawaya da ka gani, shanu ne suka jawo shi a kan hanyar gangare mai tsawon kilomitoci. In kana son ka auna arzikin gidan, auna shi da wannan jigila.

Abin da ya fi komai shahara shi ne sassaƙen da ke saman babbar ƙofa, faɗinsa mita 6.70, tsayinsa mita 3.60, da siffofi 124, yana nuna ranar hisabi yadda Kiristocin lokacin suka fahimce ta. An yi shi ne don mutanen da ba su iya karatu ba, kuma a da fenti ne da shi rangaɗau, har yanzu ana ganin burbushin shuɗi da ja. A tsakiya Almasihu ne zaune, hannun dama a sama, na hagu a ƙasa. A damansa komai a jere yake cikin natsuwa: Maryamu, Bitrus, Dadon, da wani shugaban gidan yana jan Charlemagne da hannu, wanda wannan talla ce kawai ta cewa babban sarki nasu ne. A ƙasan ƙafafunsa ga ma'auni, mala'ika a gefe, shaiɗan a gefe yana danna faranti da yatsa don ya yi coge. A hagu kuwa hargitsi ne. Wata dabba ta wage baki ana tura mutane ciki. An rataye marowaci da jakar kuɗinsa a wuya, ana zare harshen mai ƙarya da tsegumi, ana ɗura wa mai buga kuɗin jabu narkakken ƙarfe, ga wani da zomo ke gasa shi a tsinke, wanda ake fassarawa da mai farauta a dajin da ba nasa ba. Masu sassaƙar ba su ƙyale manya ba, akwai sarki da mayaƙi da malaman coci a cikin wutar. Sai dai in ka lura, da yawa daga masu laifin nan laifinsu taɓa dukiyar gidan ne, wato wa'azin yana da ɓangaren gargaɗi ga maƙwabta.

Abu biyu ƙanana da ido ke tsallakewa. A can gefe, ƙarƙashin wasu bakuna, ga Foy ta durƙusa gaban wani hannu da ya fito daga gajimare, a bayanta sarƙoƙin fursunoni na rataye. Sannan a gefen rigar ɗaya daga cikin mala'ikun da ke busa ƙaho a sama, akwai rubutun Larabci irin na Kufi. Ba abin mamaki ba ne in ka tuna alaƙar gidan da Sifaniya, da yadda yadudduka da kayan ƙira na Andalus ke yawo a Turai a lokacin. Da wuya ka gan shi da ido daga ƙasa, ɗauki hoto ka faɗaɗa.

Ina mutanen suka tafi

A gefen gidan ruhubanawa gari ya tashi, da ganuwa da ƙofofi, da maƙera, majema, masu masauki da 'yan kasuwa. Ƙidayar gidaje ta 1341 ta nuna murhu 730, wanda masana ke lissafawa kusan mutum 3,000. A ma'aunin lokacin wannan gari ne sosai, yana cikin manyan Rouergue. Daga nan sai gangara. Annobar tsakiyar ƙarni na 14 da dogon yaƙin Faransa da Ingila suka rage jama'a. Ziyara ta ja baya, sababbin wuraren ibada suka ɗauke hankalin mutane. A 1537 aka sauke tsarin ruhubanawa aka mayar da gidan hannun limaman coci waɗanda da yawansu ba su damu da zama a wurin ba. A 1568, lokacin yaƙin Katolika da Furotesta, aka cinna wa cocin wuta. A 1628 annoba ta sake shiga garin. Juyin juya halin 1789 ya rufe gidan gaba ɗaya ya ƙwace filayensa, kuma da filayen suka tafi, igiyar da ke jawo kuɗi cikin kwazazzabon ta tsinke.

A nan ne mutanen gari suka yi abin da ya sa ka ga zinariyar. Gwamnatin juyin juya hali tana tattara kayan zinariya da azurfa na majami'u tana narkarwa don buga kuɗin yaƙi, kuma haka aka yi asarar yawancin irin waɗannan taskoki a Faransa. Mutanen Conques suka rarraba kayan a tsakaninsu, suka ɓoye a gidaje da lambuna da ɗakunan shanya, da ƙura ta lafa suka mayar. Talakawa ne masu cin garin 'ya'yan châtaignier, ga zinariya a hannu, ba mai tuhumarsu in sun ce ta ɓata. Duk da haka ginin ya ci gaba da lalacewa, har wajen 1830 aka rushe yawancin farfajiyar ruhubanawa ana kwasar duwatsunta. Abin da ya rage shi ne 'yan bakuna da wani kwarmin ruwa na koren dutse a tsakiya.

Ƙarni na 19 ya kwashe sauran jama'ar. Ma'adinan kwal da masana'antun ƙarfe na Decazeville, da ke kusa, suka janye matasa. Wani ƙwaro da ke cin saiwar inabi, phylloxera, ya kashe gonakin inabin yankin a ƙarshen ƙarnin. 'Yan Aveyron suka yi ta tafiya Paris suna sayar da gawayi da ruwa, daga baya suka mamaye harkar gidajen shan kofi, wasu iyalai kuma suka haye teku suka kafa garin Pigüé a Ajantina a 1884. Yaƙin 1914 zuwa 1918 ya ɗauki nasa kason. Layin dogo da manyan hanyoyi suka bi ta wani wuri. Kafin a haɗe shi da maƙwabta, dukan yankin hukumar Conques bai kai mutum 300 ba, masu kwana cikin tsohon garin da hunturu kuwa ba su cika 100 ba.

Ra'ayina shi ne wannan talauci shi ya adana wurin. Garuruwan da suka ci gaba da arziki sun rushe tsofaffin majami'unsu sun gina na yayi, sun fasa ganuwa sun shimfiɗa tituna. Conques bai samu kuɗin ɓata kansa ba. Ceton ya zo a 1837, lokacin da Prosper Mérimée, mai duba gine-ginen tarihi na gwamnati, ya iso ya tarar da cocin na shirin zubewa, ya rubuta rahoto aka sa ta cikin abin da hukuma ke karewa. A 1873 bishop na Rodez ya kawo wata ƙungiyar ruhubanawa, Prémontrés, waɗanda har yau su ke kula da ibada da masaukin masu ziyara. Hasumiyoyi biyu na gaba da kowa ke ɗauka a hoto, samansu aikin gyaran ƙarshen ƙarni na 19 ne. Tagogin gilashi 104 kuwa na jiya-jiya ne: mai zane Pierre Soulages, haifaffen Rodez, shi ya tsara su, aka gama a 1994. Ba hoto a jikinsu, ba launi mai ƙarfi, gilashi ne fari-fari da ke tace haske. An yi ta gardama a kansu da farko. Ni ina ganin sun dace, domin sun bar launin dutsen ya fito. A 1998 UNESCO ta sa cocin da tsohuwar gadar Dourdou cikin kayan tarihin duniya, a ƙarƙashin hanyoyin ziyarar Santiago.

Haka duk ƙauyukan suke?

A'a. Faransa tana da ƙananan hukumomi kusan 35,000, irin waɗanda kuka sani a Nijar da sunan komin, kowace da magajin gari da majalisa, kuma fiye da rabinsu ba su kai mutum 500 ba. Tsarin ya samo asali daga 1789, lokacin da aka mayar da kusan kowace unguwar coci hukuma. Saboda haka coci, ofishin magajin gari, da dutsen tunawa da matattun yaƙi, waɗannan za ka same su kusan ko'ina. Raguwar jama'a ma labarin yawancin karkarar tsakiyar ƙasar ne. Shi ya sa a 2016 aka haɗe Conques da Grand-Vabre, Noailhac da Saint-Cyprien-sur-Dourdou aka yi hukuma ɗaya, Conques-en-Rouergue. Amma coci mai wannan girma da taska irin wannan, ƙauyuka ƙalilan ne ke da su, irin su Vézelay. Kada ka auna karkarar Faransa da Conques. Ƙauyen da ke rayuwa da baƙi daban yake da wanda ke rayuwa da shanu, kuma in kana son ganin na biyun, tsaya a Saint-Cyprien, a filin kwarin, inda shaguna da harkokin yau da kullum suke. Kuma ni abin da na iya karantawa ƙasa ce da gini. Ma'anar siffofin nan a aƙidar Katolika, ruhubanawan wurin sun fi ni bayani, kuma suna amsa tambayar baƙo ko wane addini yake bi.

In za ka koma, ka kwana. Da rana motocin baƙi ne ke cika wurin, da yamma sai garin ya koma hannun masu shi da matafiya a ƙafa da ke bin hanyar ziyarar Santiago, wadda a yau ake kira GR 65, masu tafiyar kimanin kilomita 200 daga Le Puy. A lokacin baƙi, da dare wani daga cikin ruhubanawan yakan tsaya gaban ƙofa ya bi sassaƙen ɗaya bayan ɗaya, kuma ana barin mutane su hau barandar sama, inda za ka ga kawunan ginshiƙai a kusa, cikin kusan 250 da cocin ke da su. Da safe ka fara da Bancarel, wani tudu da ke fuskantar garin, daga nan ne za ka ga duk abin da na faɗa game da gangare da rana. Sannan ka sauko ta titin Charlemagne, ka fita ta ƙofar Barry, ka gangara har gadar Dourdou mai shekara fiye da 600. Kana tafiya kana duban gidajen: ƙasa dutse, sama katako da cike, rufi na fallayen dutse da aka jera manya a ƙasa ƙanana a sama, kuma saboda gangare gida ɗaya yakan yi ƙofa a titi biyu, ɗaya a bene ɗaya a ƙasa. Ƙofar Vinzelle da gidan sarautar Humières suna can sama ta yamma. Sa takalmi mai riƙe ƙasa, duwatsun titin suna da santsi in an yi ruwa.

Daga Toulouse jirgin ƙasa zai kai ka Rodez, daga nan sai mota, kuma motocin haya na yankin ba su da yawa, musamman ranar Lahadi da lokacin sanyi, don haka duba jadawali kafin ka tashi, ko ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota da abokanka. Wajen abinci, aligot dankali ne da cuku da tafarnuwa, amma kusan kullum da tsiran alade ake kawo shi, sai ka ce a ba ka shi kaɗai. Farçous ma, duk da ganye ne a ido, galibi akwai naman alade a ciki, ka tambaya kafin ka ci. Estofinado busasshen kifi ne da dankali da ƙwai. In kana son ganin an fito da mutum-mutumin Foy ana zagaya gari da shi, bikinta ranar 6 ga Oktoba ne, kuma ana yin jerin gwanon a Lahadin da ke kusa da ranar.